Tsakanin Ido da Harsashi: Tarihin Madubin Hangen Nesa a Ƙasar Zamfara

A tsakiyar watan Maris na 1824, wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna Hugh Clapperton ya zauna a gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, ya baje kayan gaisuwar da ya kawo da sunan sarkinsu. Daga Kano ya taso, ya ratso ƙasar Zamfara ta Zurmi, ya keta dajin Gundumi cikin ƙishirwa. A cikin kayan akwai bindigogi masu adon azurfa da alkyabba da sauran kayan sarauta, amma bisa ga abin da baƙon ya rubuta da kansa, abu biyu ne suka fi ɗaukar hankalin Sarkin Musulmi: kamfas, wanda aka nuna masa yadda zai gane gabas da shi a ko'ina yake, da kuma madubin hangen nesa.

Bayan 'yan kwanaki aka kawo wa Bello na'urorin da baƙon ke auna rana da taurari da su. Clapperton ya tarar da mai masaukinsa ya san burujai da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Ɗaya daga cikin maduban yana nuna abu a kife, kai ƙasa ƙafa sama. Mutanen fada suka ƙi yarda su tsaya a gabansa, sai shi Baturen ne ya ja da baya ya tsaya, domin Sarkin Musulmi ya dube shi ta ciki.

Bello malami ne, marubuci ne, kuma mayaƙi ne da ya ƙare yawancin mulkinsa a kan sirdi. In akwai wanda zai gane amfanin wannan kaya a fagen daga, to shi ne. Duk da haka yaƙin ƙasar Hausa ya ci gaba yadda yake har kusan shekara 80 bayan wannan zama, ba tare da gilashi ya sauya masa komai ba. Dalili kuwa, madubin hangen nesa magani ne na ciwon da a lokacin bai kama kowa ba tukuna. Ciwon shi ne makami ya kai inda ido ba ya iya tantancewa. Yadda wannan tazara ta buɗe, da yadda aka yi ta ƙoƙarin cike ta da gilashi, ana iya karanta shi a kwarin gulbin Sakkwato, tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura, garuruwa uku da suka ba Jihar Zamfara uku daga cikin gwamnoninta, waɗanda kuma a yau batun wa ya riga hango wa ya zame wa mutanensu batun rai da mutuwa.

Zamanin da ido ya fi makami nisa

Lafiyayyen ido yana iya raba abu biyu matuƙar ratar da ke tsakaninsu ta kai kimanin santimita 3 a nisan mita 100. A nisan kilomita ɗaya ma'aunin ya zama kusan santimita 30, wato girman kan mutum ɗungurungum. Daga can za a ga tsayuwar mutum, a ga ko a ƙasa yake ko a kan doki, amma fuskarsa ɗigo ce kawai. Wanda ke tsaye a fili, gantsarewar ƙasa kan ƙure masa gani a kusan kilomita 5. In ya hau dutse mai tsawon mita 30, ganinsa kan kai kusan kilomita 20.

Makaman ƙarni na 19 ba su kusanci ko ɗaya daga cikin waɗannan iyakoki ba. Ƙashin bayan rundunar Daular Sakkwato 'yan baka ne da mahaya masu mashi da takobi. Ƙarfin kibiya yana cikin dafin kwankwani da aka shafa wa tsininta, kuma sai an matso take cin mutum. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ba ta fi ta ba: da zarar an wuce taku ɗari, sa'a ce ke harbin. Ga ta kuma da ƙaranci. Da Clapperton ya dawo a 1826, ya iske rundunar Bello ta kewaye garin Konya na Gobir, kuma cikin dubban mayaƙan da ya gani, bindigogin da ya ƙirga ba su wuce arba'in da 'yan kai ba. A labarinsa na wannan rana, wadda ta fi burge shi wata tsohuwa ce Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi, da ke kai da komowa a kan dokinta da goruna, tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Filin yaƙin da tsohuwa za ta iya kewayawa da goran ruwa, fili ne da harsashi bai mallake shi ba tukuna.

A kan wannan lissafi aka tsara ganuwa da gwalalo da sarƙaƙiyar da suka kewaye garuruwan Zamfara. Duk mai son cin gari dole ya iso gindin ganuwarsa. Haka abin yake har ƙarshen ƙarnin. A 1891 Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu ya rasu a Ƙaura Namoda, kuma yaƙin farko na magajinsa Abdurrahman shi ne na ladabtar da Talata Mafara, wadda ta bijire wa Sakkwato. Runduna ce ta dawaki da 'yan baka ta tako da ƙafarta har ƙasar Mafara.

Saboda haka gani daga nesa aikin gargaɗi ne. Magewaya, wato 'yan leƙen asirin runduna, su ke fita gaba. Masu tsaron ƙofa su ke lura da ƙurar dawaki, wadda da rani, lokacin fita yaƙi, kan riga masu ita isowa. Tantancewa kuwa a kusa ake yin ta, kuma al'umma ta tanadar mata kayan aiki: tuta, da irin rawani, da kirarin da jarumi ke yi wa kansa, da tsagen fuska da ke raba Bazamfare da Bagobiri da Bakabe. Wannan ba ya nufin yaƙin ya ƙunshi tausayi. An ƙone garuruwa, an kama bayi, an kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Amma mai harbi, mugu ne ko adali, ya san wanda ya harba.

Maharba ma da irin tasu dabarar suka warware matsalar nisa. Maharbin ƙasar Hausa kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya durƙusa cikin ciyawa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun, har ya iso kusa da barewa ba ta ankara ba. Wato maimakon ya tsawaita ganinsa, sai ya rage tazarar.

Yadda gilashi ya riski bindiga

Tushen ilimin ya fi kusa da gida fiye da yadda ake zato. Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna Alƙahira, ya rubuta Kitab al-Manazir a farkon ƙarni na 11, inda ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, ya kuma binciki yadda haske ke karyewa in ya ratsa ruwa ko gilashi. Bai ƙera madubin hangen nesa ba. Wannan sai a 1608, lokacin da wani mai sana'ar tabarau a garin Middelburg na Holan, Hans Lipperhey, ya nemi hukuma ta ba shi haƙƙin mallakar wani bututu mai gilashi biyu da ke kusanto da abu kamar ninki uku. Aka hana shi, domin an ga abin ba shi da wuyar kwaikwayo. Cikin waɗanda aka fara kai wa shi su gwada akwai Yarima Maurice, kwamandan sojan Holan a yaƙinsu da Sipaniya. A 1609 Galileo ya hau hasumiyar birnin Venice da dattawan majalisa, ya nuna musu jiragen ruwa tun da sauran sa'o'i kafin ido ya iya ganinsu. Tun kafin madubin ya yi suna a kallon taurari, kayan yaƙi aka ɗauke shi.

Sai dai kayan janar ne da matuƙin jirgi. Sojan Turai mai riƙe da bindiga bai buƙace shi ba har sama da shekara ɗari biyu, saboda dalilin da ya hana sojan Bello buƙatarsa: bindigarsa ba ta fi ta Konya nisa ba. A tsawon wannan lokaci gilashin ya gyaru. A 1758 John Dollond na London ya sami haƙƙin mallakar dabarar haɗa gilashi iri biyu domin kawar da launin bakan gizo da ke ɓata gefen hoto.

Bindiga ce ta sauya. Da aka yawaita yi wa cikin bututunta tsagi mai murɗawa, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyi, aka kuma koma ɗura ta ta baya, sai nisanta ya ninka sau da yawa. A 1874, a filin Creedmoor kusa da New York, 'yan wasan harbi na Ayalan da na Amurka sun yi gasa a nisan yadi 800 da 900 da 1,000. A irin wannan nisa mai harbi ba ya ganin inda harsashinsa ya sauka, dole a kafa madubi a gefensa. Sannan a 1884 wani masanin sinadarai na Faransa, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Kafin nan, duk wanda ya yi harbi ya tona asirin kansa da farin hayaƙi. Bayan nan mai harbi ya ɓace. Sojan Ingila sun koyi wannan darasi da jininsu a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, inda manoman Boer ke harbinsu daga tsaunukan da ba su ga kowa a kai ba.

Shekara ɗaya da gama wancan yaƙi, Ingilishi suka kawo wannan tazara ƙasar Zamfara, amma wannan karon su ne a gefenta mai daɗi. Kano ta faɗi hannun Kanar Morland ranar 3 ga Fabrairu, 1903, alhali Sarkin Kano Aliyu yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato da rundunarsa. A ƙarshen watan, a kusa da dutsen Kwatarkwashi, wani ɓangare na rundunar ƙarƙashin Waziri Ahmadu ya ci karo da Laftanar Wallace Wright, wanda ke tare da hafsa ɗaya da sojan doki 44. A ƙiyasin Turawa, Kanawa sun kai mahaya 1,000 da dakaru 2,000. Sojan suka sauka daga dawakansu, suka ja sahu mai kusurwa huɗu. Kanawa suka yi ta kawo sukuwa har kusan sa'a biyu, kuma a nan Waziri ya kwanta dama. Babu mai shakkar jaruntakarsu. Matsalarsu ita ce akwai fili mai faɗin ɗaruruwan mita da dole su ratsa, inda ake iya kashe su, su kuwa ba su iya taɓa kowa. Ranar 15 ga Maris aka maimaita wannan lissafi a bayan ganuwar Sakkwato, wannan karon da igwa da bindiga mai ruwa, a kan rundunar Sarkin Musulmi Attahiru.

Hujjar cewa tazarar ce sirrin, ba wani abu na daban ba, ta zo bayan shekara uku. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, wata rundunar sojan doki ta nufi ƙauyen Satiru da ke kudu da Sakkwato. Razdan mai riƙo ya wuce gaba domin ya yi magana da mutanen, kwamandan sojan ya matso domin ya kare shi, sahu ya watse kafin a gyara shi. Talakawa masu gatura da fartanya da baka suka auka musu, suka kashe Turawa uku da soja 25, suka kama bindiga mai ruwa. Da tazara ta rufe, makamin zamani ya zama sanda. Da Turawa suka dawo ranar 10 ga Maris ba su sake wannan kuskure ba, kuma kisan da suka yi a Satiru yana cikin mafi muni a tarihin mulkinsu a Arewa.

Ido biyu ko ido ɗaya

Gardamar wane madubi ya fi dacewa da harbin nesa, wadda masu sha'awar abin ke yi har yau, a wannan zamani ta samo asali. A 1894 kamfanin Zeiss na garin Jena a Jamus ya fara sayar da madubi mai ido biyu wanda ke naɗe haske a cikinsa ta hanyar dunƙulen gilashi mai kusurwa, ya fito gajere, mai sauƙin riƙewa, mai faɗin gani. Hafsoshi suka rungume shi. A ɗaya gefen akwai tsohon dogon bututu mai ido ɗaya, wanda ya fi ƙarfin kusantowa amma sai an jingina shi da wani abu. Gwanayensa su ne masu kula da namun daji a tsaunukan Sikotilan, waɗanda sana'arsu ita ce su kwanta a kan tudu su ƙare wa garken barewa kallo, su zaɓi wadda za a harba, kafin a fara sanɗa. Daga cikinsu Lord Lovat ya kafa rundunar 'yan leƙen asiri ta Lovat Scouts a 1900. Maharba ne, kamar masu kan burtu, illa su sun haɗa sanɗa da gilashi.

A 1915, a ramukan yaƙi na Faransa, Jamusawa masu bindigogi da madubi a kai suka addabi sojan Ingila. Wani tsohon mafarauci, Manjo Hesketh-Prichard, ya ɗauki nauyin neman mafita, har ya kafa makarantar koyar da harbin ɓoye da hange a 1916. Ya fifita dogon bututu a kan mai ido biyu wajen tantance abin da ke nesa, ya kuma kafa tsarin da rundunoni ke bi har yau, na haɗa mutum biyu: mai harbi da mai hange. Madubin kan bindiga na lokacin ninki uku ko huɗu kawai yake yi, kuma da zarar bindiga ta yi tsalle, abin da ake kallo ya fice daga ciki. Mai hange, da madubinsa mai ninki 20, shi ke faɗin ko wane ne a can, da inda harsashi ya sauka. Ba a jima ba manyan hafsoshi suka gane cewa littafin da mai hange ke rubuta abin da ya gani a ciki yana da daraja ko da ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

Madubin mai hange na yau, wanda ake ɗorawa a kan mazauni mai ƙafa uku, jikan wancan bututu ne. A jikinsa akan rubuta lambobi kamar 20-60x80. Biyun farko na nufin yana ninka abu daga sau 20 zuwa sau 60, ta ƙarshe kuma faɗin gilashin gaba ce da milimita. Mai saye yakan ruɗu da 60 ɗin, alhali a nan ne aka fi yin hasara. In aka raba faɗin gilashin gaba da yawan ninki, za a sami kaurin hasken da ke isa ido: a ninki 20 milimita 4 ne, a ninki 60 bai kai ɗaya da rabi ba. Ƙwayar ido kuwa kan buɗe daga kamar milimita 2 ko 3 da rana zuwa kusan 7 a duhu, saboda haka da almuru, lokacin da aka fi buƙatar haske, madubin da aka murɗa zuwa ƙarshe duhu yake ƙarawa. Faɗin gani ma haka. Madubi mai ido biyu mai ninki 8 yana nuna fili mai faɗin sama da mita 100 a nisan kilomita ɗaya. Mai ninki 60 ba ya nuna fiye da kimanin mita 20. Yana iya nuna maɓallin rigar mutum guda, ya ɓoye mutum goma da ke gefensa.

Sai kuma abin da ba a rubutawa a jikin kwali, wato iskar wurin. Madubi yana ninka duk abin da ke tsakaninsa da abin kallo, har da ƙura da rawar iska. Da hunturu, ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi kan rufe Zamfara, wani lokaci gani ya gaza kaiwa kilomita ɗaya, kuma babu gilashin da ke huda hazo. Da bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, kawalwalniya kan sa duk abin da ke nesa ya riƙa narkewa yana rawa, kuma ƙara ninki ƙara rawar ne. Da damina iska kan wanke tas, amma a lokacin dawa da gero sun fi mutum tsawo, daji ya rufe. A fadamar Bakura ko dajin Sububu na Maradun, ranakun da ninki 60 zai yi wani amfani ƙalilan ne. Abin da ke raba madubi mai kyau da na banza shi ne tsabtar gilashinsa, da shafin da ke hana haske tarwatsewa a kansa, dabarar da Alexander Smakula ya ƙirƙiro a kamfanin Zeiss a 1935, Jamus kuma ta riƙe ta a matsayin sirrin soja.

Madubin safiyo

Madubi mai ƙafa uku ya shigo kwarin Mafara da yawa a shekarun 1970, amma a hannun safiyo. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, domin noman rani a dubban hektoci na ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da na'urar awo, wadda ita ma madubin hangen nesa ce mai zaren gicciye a ciki, irin na kan bindiga. Ta cikinta ana ganin tudu da kwari daidai da santimita. Ba a ganin iyakar gonar gado, ko wanda ya ba da jingina, ko itacen ɗorawar da magada biyar ke raba kalwarsa.

Tafkin ya cinye ƙauyuka da gonaki, dubban mutane suka tashi. Waɗanda gonakinsu ke cikin filin aikin sun yi shekaru ba su noma ba ana baje ƙasa, waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da fadamarsu ta dogara da ita. Rikicin diyya ya kai manoma ga tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka ƙone ƙauyuka, ciki har da Birnin Tudu. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Wasu masu bincike sun ce sun haura 380. Har yau ratar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ba ta rufe ba.

Hangowa da tantancewa

Harbin nesa a matsayin wasa, irin na Creedmoor, ba shi da gurbi a wannan yanki. Dokar Makamai ta 1959 ta sa mallakar bindigar soja ta fi ƙarfin farar hula, abin da ya rage wa maharbin ƙauye shi ne bindigar toka. Amma tun daga wajajen 2011 dazuzzukan Zamfara suka cika da AK-47, wadda ke cin mutum a mita 300 zuwa 400, nisan da ido ba ya raba fuskar ɗan'uwa da ta baƙo. Lissafin Kwatarkwashi ya dawo, kuma mutanen ƙauye ne a gefensa mai ɗaci.

A shekara guda, garuruwan nan uku kowanne ya ɗanɗana. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka sace 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka kwashi ɗalibai 73 a makarantar garin Kaya ta Maradun. Biyun farko da dare aka yi su, lokacin da madubin gilashi, komai tsadarsa, ba ya ganin komai. Abin da ya yi ƙaranci a duka ukun shi ne tsohon aikin magewaya, wato labari ya riga mahara isowa, ya kuma iske wanda zai yi aiki da shi. 'Yan kwanaki bayan harin Kaya aka katse layukan waya a faɗin jihar domin a toshe wa 'yan bindiga kafar samun labari, matakin da ya toshe wa ƙauyawa tasu kafar ta yin kururuwa.

Amsar da hukuma ta fi dogara da ita ita ce ta ɗaga idon sama: jiragen yaƙi, da jirage marasa matuƙa masu ɗauke da kyamarar da ke ganin zafin jiki cikin duhu. Mai hange ya tashi daga gefen mai harbi ya koma gaban allon kwamfuta, wani lokaci a wata jiha. Tambayar Hesketh-Prichard dai ba ta sauya ba, kuma tun 1958 wani masanin sojan Amurka, John Johnson, ya mayar da ita lissafi. Ya raba gani hawa-hawa: a hango cewa akwai wani abu, a gane ko mutum ne ko mota, sannan a tantance wane iri ne. Gwajinsa ya nuna cewa hawa na ƙarshe yana buƙatar ƙarin bayyanar hoto kusan ninki shida a kan na farko. Bahaushe ya riga shi faɗa, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuma ko tantancewar Johnson a kan siffa ta tsaya: tana iya cewa wannan mutum ne riƙe da bindiga. Ba ta da ta cewa a kan ko ɗan bindiga ne, ko ɗan sa-kai, ko ɗaya daga cikin Askarawan Zamfara da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Janairun 2024, a dajin da dukkansu babur suke hawa, rawani suke naɗawa.

A Disamban 2023 wani jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, mutum fiye da 80 suka rasu. A Janairun 2025 abin ya iso gida. Jirgin yaƙi da ke farautar 'yan bindiga a yankin Zurmi da Maradun ya yi luguden wuta a kusa da Tungar Kara, ya kashe aƙalla mutum 16. Daga sama an ga mutane da makamai a hanyar daji, kuma abin da aka gani ɗin haka yake. Mazauna yankin sun ce 'yan sa-kai ne da ƙauyawa da ke komawa gida bayan sun fatattaki maharan. Gwamnatin jiha ta yi ta'aziyya, ta amince cewa harin ya rutsa da 'yan sa-kai, rundunar sojan sama kuma ta ce za ta gudanar da bincike.